Zuwan Duniya na Biyu a Ƙofar Taramniya

Wani ne a Ƙofar Dundaye, baduku. Kada ku tambayi sunansa, yana nan da ransa, kuma wasunku takalminsa ne a ƙafarku yanzu haka. In dai aikin fata ne ba shi da na biyu a layin. Ka ba shi jar fatar akuya da safe, kafin la'asar ya fitar maka da jakar da za ka ji kunyar zuba goro a ciki. Hannu kam Allah ya ba shi. Baki ne aka yi rabo ba ya nan.

Yana neman wata malamar firamare a Ƙofar Taramniya, sunanta Adawiyya. Son ta yake yi kamar ransa, wannan ba wasa a ciki. Amma in ya je zance, sai ya zauna a bakin tabarma cikin zaure, ya haɗa gwiwoyi, ya kafa wa ƙafarta ido.

"Ya zahi?" in ji shi.

"Zahi alhamdu lillahi."

Shiru.

"An kawo muku wuta jiya?"

"An kawo."

"Mu ba a kawo muna ba."

Sai can, bayan ya tattaro duk ƙarfin halin da ke jikinsa, ya ce, "Wanga takalmin naki ba ɗunki ba na. Gam anka sa mai."

Zancen ke nan, yau da gobe. Ga shi kuma ba shi kaɗai ke nema ba. Akwai wani Bashar da ke aikin ofis a Sama Road, mai turare da gugar shadda, wanda in ya buɗe baki sai ka ɗauka rediyo aka kunna. Uban yarinya, Alhaji Kabiru, ya gaji da ganin mutum biyu suna canjin tabarma a zaurensa. Ya ce mata ranar Juma'a yana son jin suna guda.

Adawiyya ba ta ɓoye wa mutumin namu ba.

"Ka ga, ni ba ni yi maka rufa-rufa. Baba ya ce ran Juma'a in hwaɗi mutum guda. Hankalina ya hi kwantawa da kai, don ba ka da hayaniya. Amma ba ni iya zama da mutum har tsuhwa ana hirar wuta da gam. Bashar in yaz zo har baitoci shika yi min. Kai ko sau guda ba ka taɓa hwaɗa min maganar da za ni kwana ina tunawa ba. Ka taho ran Alhamis da la'asar. In ka zo da magana, to. In zahi za ka tambaya, na sani akwai zahi."

Ya fito daga zauren nan. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san in Adawiyya ta kuɓuce masa ba zai ƙara neman wata ba. Bai zarce gida ba, sai shagon abokinsa Gazali, mai cajin waya da tura fina-finai.

"Gazali, ina aka samun magana?"

"Wace irin magana?"

"Irin wadda aka hwaɗa ma mace ta kwana tana tunawa."

Gazali ya dube shi, ya ga abin ba na dariya ba ne, amma duk da haka ya yi dariyar. Ya karɓi wayarsa ya tura masa wani fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa.

"Tahi ka kalli wanga. In ba ka samu magana ciki ba, to ka haƙura da aure ka riƙe basilla."

Fim ɗin na wani mai sayar da rake ne da ya shiga wani tsohon gida neman inuwa. Yana dafa bango sai aka yi tsawa. Idonsa ya juye, ya tuna cewa ya taɓa zuwa duniya, a gidan nan ya zauna, kuma yarinyar gidan ita ce matarsa a wancan zuwan. Ya shiga nuna mata wurare. Nan akwai rijiya da, can akwai itace, ga sunan da nake kiranki da shi. Har akwai wani bunsuru mai magana da ke bin sa yana ba da shaida. Yarinya ta saki tulu, ta fashe da kuka, kafin ka ce me sun bayyana a kan dutse suna rawa, kowa ya canza kaya.

Mutumin namu ya kalla, ya sake kalla. Ya kalla yana cin tuwo, ya kalla yana aiki, har ya ɗinka wa wani alhaji takalmi ƙafar hagu biyu. Washegari ya koma wurin Gazali idonsa na ƙyalli.

"Na samu. Ce mata za ni yi na taɓa zuwa duniya."

"Kai, subhanallahi. Wanga abin su na can. Mu in an tahi an tahi, sai ranar tsayuwa."

"Na sani mana. Ai ba imani za ni yi da shi ba, aro za ni yi."

"To bunsurun hwa?"

"Ba ni bukatar bunsuru. Labarin gidan kawai nika so."

Labarin tsohon gida kuwa a Sakkwato ba a nemansa wurin kowa sai wanzami. Akwai wani tsoho, Sodangi, wanda tun yana saurayi shi ke yi wa gidan su Adawiyya aski da kaciya da cire beli. Sai dai Sodangi yana da hali guda. Bakinsa ba ya motsi sai askarsa na motsi. In ka zo masa da hira kawai, carbi zai ɗauka ya ba ka baya.

Mutumin ya same shi gindin dalbejiya da zabirarsa, ya zauna, ya cire hula.

"Baba, a ɗan rage min gehe-gehe."

Aska ta hau kai.

"Baba, gidan Alhaji Kabiru na Taramniya, da can yaya shike?"

"Af, gidan Malam Jibrin kaka nuhi, uban Kabiru. Allah shi jiƙan maza. Wurin da tankin ruwansu shike yanzu, rijiya ta. Bakin zaure kuma akwai wata kurna, 'ya'yanta zaƙi kamar zuma."

Aska ta tsaya. Baki ya tsaya.

"An gama gehe," in ji Sodangi.

"A haɗa da tsakiya, Baba."

Aska ta koma.

"Hatsi shika saidawa, Allah shi jiƙanai. Shina da wani jaki, Ɗan'auta. Shi yah harbe shi ga ƙahwar hagu, har yab bar duniya shina ɗingishi."

Kai ya fita ƙwalƙwal. Sodangi ya fara goge aska a tafin hannu.

"Gemun ma a taɓa, Baba."

Gemun da ya yi shekaru yana tattalinsa, shi ma ya bi. A kan gemu ne ya ji yadda marigayin ke shiga gida. Ba ya shiga sai ya yi sallama, ya yi gyaran murya, ya buga sanda a ƙasa, ya ce, "Ina mutanen gidan ga, ko duk kun mace?"

Gashi ya ƙare, labari bai ƙare ba. Mutumin ya laluba jikinsa, ya rasa abin da zai miƙa.

"Baba, kana ƙaho?"

"Ina ka ciwo?"

"Ko'ina ma."

Sodangi ya duƙar da shi, ya tsattsaga masa ƙeya, ya kafa ƙaho. Mutumin yana cije baki, hawaye na zuba, kunne a buɗe.

"Marigayin ma nan nika kahwa mai, duk bazara. Mutum mai zahin rai, amma akwai son iyali. Matatai, bai taɓa kiran sunanta ba. Tantabara shika ce mata. Ni kaɗai nis san wanga, don ina aski nika jiyowa."

Tantabara. Mutumin ya ji sunan ya shige shi har ƙashi. Ga kalmar da ake kwana ana tunawa. Murna ta hana shi tambayar abu guda da kowane mai hankali zai tambaya, wato ita Tantabarar tana ina yanzu. Ya sallami wanzami, ya ɗora hula, hula ta zurma har gira.

Ranar Alhamis da la'asar ya hau kabu-kabu, amma ya sa aka sauke shi tun daga bakin titi don ya samu filin ɗingishi. Ya aro sanda. Ga kai fes, ga haɓa fes, ga auduga manne a ƙeya. Mutanen unguwa suna ta yi masa sannu, yana amsawa da muryar tsofaffi.

Ya isa zaure ya yi sallama. Ya yi gyaran murya. Ya buga sanda.

"Ina mutanen gidan ga, ko duk kun mace?"

Daga can cikin gida aka ji ƙwarya ta faɗi ta fashe.

Adawiyya ta fito da mayafinta, ta tsaya turus.

"Inna lillahi. Haɗari kay yi?"

Ya ɗingisa zuwa bango, ya dafa shi, ya rufe ido, yana jiran tsawa. Bazara ce, sama ko ɗigon girgije babu. Abin da ya samu kawai janareton maƙwabta da ya yi tari ya mutu. Ya ce a ransa wannan ma ya isa. Ya juya ido sama.

"Adawiyya, na san gidan ga."

"I mana, kullum kana zuwa."

"Ba wanga zuwan ba. Na taɓa zuwa duniya. Nan niz zauna."

Adawiyya ta kalli fim ɗin nan tun kafin shi, ita da ƙawayenta, har ta haddace waƙoƙin. Nan take ta gane inda aka dosa. Ta zauna a tabarma, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ikon Allah. Ci gaba."

To, abin mamaki, bakin nan da ya yi shekaru a kulle sai ya buɗe. Da yake maganar ba tasa ba ce, bai ji nauyinta ba.

"Wurin da tankinku shike, rijiya ta. Ni nika jan ruwa ciki. Nan bakin zaure akwai kurna, ni nika kakkaɓo miki. Ina da jaki, Ɗan'auta. Dibi ƙahwata, shi yah harbe ni, har wanga zuwan ban warke ba."

"Wayyo. To ni wace ta a lokacin?"

Ya dafa ƙirji, kamar yadda mai raken ya yi.

"Ke ta matata. Ke ta Tantabarata."

Labulen ƙofar cikin gida ya ɗaga. Wata tsohuwa ta fito, gajeriya, da carbi a wuya da ɓarin fura a gefen zane. Hajiya Bara'atu ke nan, kakar Adawiyya, uwar Alhaji Kabiru. Duk zuwan da yake yi gidan bai taɓa ganinta ba, muryarta kawai yake jiyowa tana faɗa da kaji.

"Wa yac ce Tantabara?"

Ya ɗan razana, amma ya dake. "Ni na, Hajiya."

Ta matso. Ta zagaya shi a hankali. Ta dubi sandar, ta dubi ƙafar hagu. Ta ɗaga hular, ta leƙa ƙeya, ta ga shaidar ƙaho ɗanya shar. Ta dubi jikarta, jikar ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa. Tsohuwa ta gyaɗa kai, ta koma gabansa.

"Malam? Kai na?"

Daɗi ya kama mutumin har kunne. Ga shi bai zo da bunsuru ba, Allah ya kawo masa mai shaida har gida.

"Ni na."

"Mai jaki Ɗan'auta?"

"Shi hwa."

"Ka tabbata? Kada in sa rai."

"Na tabbata, Hajiya. Komi na tuna."

"Alhamdu lillahi." Ta juya ga Adawiyya. "Ke, tashi min nan. Ba ki da kunya, kina zaune tabarma guda da kakanki? Durƙusa ki gaishe shi."

Adawiyya ta sauka daga tabarma, ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Kaka. An zo lahiya? Ya mutanen can?"

Murmushin da ke fuskar mutumin ya tsaya inda yake, ya rasa hanyar komawa.

"A'a, tsaya. Ai ke ta Tantabara."

"Ita?" in ji tsohuwa. "Yaushe anka haihe ta? Ubanta ma lokacin da majina shika yawo. Tantabara guda ta gidan ga, kuma ga ta gabanka. Zamna, Malam. Muna da magana."

Ta ja hannun rigarsa, ya zauna daɓas. Ta zauna kusa da shi, gwiwa na gogar gwiwa.

"Ka kyauta ke nan? Ka ce min za ka kasuwa ka komo, in aje maka hura. Na aje. Sai mutane nig gani sun cika min zaure ana ba ni haƙuri. Ko sallama babu."

"Hajiya, ai ni..."

"Ka bar ni da ɗiya reras da ɗaki na zuba. Indararon da kac ce za ka gyara bayan sallah, har yau shina nan karkace. Makka da kay yi min alkawali, sai da Kabiru yag girma yak kai ni. Yanzu kuma ka komo, ba ka nemi inda nike ba, sai in ishe ka zaure kana zance da jikanyarka."

"Wallahi ban san..."

"Kuma ka komo yaro, ni ka bar ni da ciwon gwiwa. Wanga adalci na?"

Zufa ta fara bin sabon askin, tana shiga tsagar ƙaho tana yi masa zafi. Ya waiga wajen Adawiyya neman agaji. Ita kuwa ta cusa bakin mayafi a baki, hawaye na bin kumatunta.

"Kaka, in kawo maka ruwa, ko hurar taka za a dama?"

"Dama mai," in ji tsohuwa. "Kuma ki aika a kira ubanki kasuwa, shi zo shi gaida ubanai. A share ɗakin Malam, a hidda buhunan da ke ciki. Yau gida shika kwana."

Mutumin ya hango Alhaji Kabiru, da farin gemunsa da fuskar nan da ba ta dariya, durƙushe a gabansa yana ce masa Baba. Ya yunƙura zai tashi, tsohuwa ta danne gefen rigar da gwiwa.

"Ina za ka? Kasuwa kuma? Wancan karon ma haka kac ce."

"Hajiya, shago nib bari buɗe."

"Shi zamna buɗe. Ai zuwanka ya yi daidai. Gobe Juma'a za a tsai da maganar auren wagga yarinya. Da Kabiru za shi yanke, amma tunda babba ya komo, magana ta koma hannunka. Masu nema biyu na. Guda wani baduku na da ba shi magana, to shi ga alama ya ɓace, tunda kai ka shiga rigatai. Saura Bashar. Gobe shi zo da magabatanai su durƙusa gabanka, kai da bakinka za ka ce ka ba shi."

Nan ne abin ya ƙare masa. Ya saki sanda. Ya zame daga tabarma ya durƙusa a ƙasa, ɗingishi ya warke nan take.

"Hajiya, ki yi min rai. Ƙarya nika yi. Wallahi ban taɓa zuwa duniya ba, wanga na zuwana na hwarko, shi ma ga yadda shika tahiya. Fim na Gazali yat tura min. Rijiya da kurna da jaki, duk wurin Baba Sodangi nij ji su, gashina da gemuna nib bayar. Ƙahwata lahiya lau take. Ni ba Malam ba na, ni badukun na."

Shi kuwa bakin ya riga ya ɓalle, ya ƙi tsayawa.

"An ce in zo da magana, ni kuma ban da ita. In nig gan ta, komi na kaina tashi shika yi, sai zahi da wuta suka rage min. Takalminta nika kallo don ban iya kallon idonta. Ni dai son ta nika yi, tun ran da nih hwara ganinta ban ƙara jin daɗin barci ba. In kunka ba Bashar ita, ban san yadda za ni yi da raina ba. Ku yi min komi, amma kada ku sa ni in bayar da ita da bakina."

Sai ga hawaye shaɓe-shaɓe, babba da shi, kai na ƙyalli. Adawiyya ta daina dariya. Ta cire mayafin daga baki, ta tsaya tana kallonsa, shi kuma karo na farko bai dubi takalminta ba.

Hajiya Bara'atu ta dube shi. Ta ja carbi ɗaya, ta ja biyu. Sannan ta juya wajen jikarta.

"Ke Adawiyya, ɗazu wasa nika yi, amma yanzu kam na hwara jin tsoro. Kakanki ma da ƙarya yaz zo, da kuka anka ba shi ni."